Don Me Ɗanmu Yake Koyon Ibrananci?

Karatu: Nehemiya 8:1-12, Ishaya 7:1-9

   

Maganarmu ta yau ta taso ne daga tambayar da wani dattijo ya yi mana a wajen Barkiya, cikin ƙasar Kurfi, ba nisa da Dutsin-Ma. Akwai wata 'yar ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye can, manoma ne dukansu. Shekara biyu ke nan da suka tura wani saurayi nasu kwalejin tauhidi. Kowace kaka sukan ware gero da dawa daga rumbu, zumuntar mata ta ƙara da wake da gyaɗa, a sayar ranar kasuwa a aika masa kuɗin makaranta. Bayan girbin da ya wuce sai yaron ya aiko da wasiƙa. Ya ce karatu yana tafiya, amma abin da ya fi cin lokacinsa shi ne Ibrananci, harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari da shi. Ya ce malaminsa ya ba shi shawara ya zurfafa a ciki, har in hali ya yi ya koyi irin Ibranancin da ake magana da shi yau a ƙasar Isra'ila. A ƙasan wasiƙar ya rubuta sunansa da waɗansu baƙaƙe masu kusurwa, waɗanda ba wanda ya iya karantawa.

Da muka kai musu ziyara, bayan an tashi sujada, sai babban dattijonsu ya ja mu gindin dalbejiya ya miƙo mana takardar. Ya ce, "Fasto, kada ka ga kamar gardama nake nema. Mu kiwon garke muka aika yaron nan ya koyo. Yau shekara nawa ba mu da makiyayi zaunanne? Ga shi can yana fama da harshen da ba wanda zai gaishe shi da shi daga nan har Katsina. To, ashe Littafin nan da ke hannunmu bai isa ba? In akwai abin da aka ɓoye mana, a gaya mana."

Muka ce, "Baba, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ka ba mu lokaci." Mun kuwa san ba shi kaɗai ke da ita a zuci ba, shi ya sa muka kawo ta nan.

Abin da za mu fara faɗi, kuma ba tare da kwana-kwana ba, shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa ya isa. Maganar Allah ce. Wanda ya karanta shi ya ba da gaskiya ga Yesu ya sami ceto cikakke, ba rabi ba, ko da bai taɓa ganin harafin Ibrananci ba har ya mutu. Ba a ɓoye wa kowa kome ba. Ku tuna, harshen yau da kullum na Galili a zamanin Ubangijinmu shi ne harshen Aramiya, amma manzanni suka rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, domin shi ne harshen kasuwa da hanya a lokacin. Sau da yawa kuma in za su jawo aya daga Musa ko annabawa, daga juyin Helenanci suke jawo ta, wanda Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara yi tun ƙarni na uku kafin haihuwar Kristi. Ranar Fentikos ma Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa taron nan su ji harshe guda ba, kowa da harshen garinsu ya ji bishara. Allahnmu ba ya jin kunyar a juya maganarsa zuwa harshen mutane.

Amma fa juyi ba ya yin kansa. A nan ne karatunmu na fari ya shigo. In kuna da Littafi kusa, ku buɗe Nehemiya sura 8. Jama'a sun komo daga bautar talala a Babila, an gama ginin garun Urushalima cikin kwana 52, sai aka taru a dandalin Ƙofar Ruwa, maza da mata da yaran da suka yi wayo. Aka kafa wa Ezra dakalin katako ya hau, ya yi ta karanta Attaura tun da sassafe har rana ta take. Ku lura da aya ta 7 da ta 8. Lawiyawa ne suka shiga tsakanin mai karatu da masu ji, suna warware maganar, suna ba da ma'anarta. Malamai da yawa suna ganin har fassara suke yi zuwa harshen Aramiya, gama 'ya'yan da aka haifa a baƙunci bakinsu ya riga ya juya. Sai bayan da jama'a suka gane ne suka fashe da kuka, sa'an nan aka ce su share hawaye su je su ci su sha, su aika wa wanda ba shi da shi. Ba wanda ya yi kuka don jin daɗin muryar Ezra. Ganewa ce ta taɓa su. Kafin ranar nan kuwa, akwai shekarun da Ezra da Lawiyawan nan suka yi a sunkuye bisa littafi, ba wanda yake ganinsu, wani kuma yana ciyar da su.

Haka namu ya zo mana. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, bayan shekaru masu yawa da Likita Miller na Zariya ya yi yana aiki tare da waɗansu masu mishan da 'yan'uwa Hausawa. Shi iyayenmu suka karanta da fitilar ƙwai. Amma harshe yana tafiya kamar ruwan gulbi. Hausar 1932 ta yi wa jikoki nauyi, aka sake zama aka fito da sabon juyi wajen 1980, bayansa ma waɗansu sun biyo. Duk lokacin da za a yi wannan aiki, dole wani ya koma ga asali. In aka ce daga Turanci za a riƙa juyowa, ya zama ruwan da aka zuba daga guga zuwa tulu, daga tulu zuwa randa, daga randa zuwa ƙwarya. Ruwan nan ne dai, amma a kowace juyawa akan zubar da kaɗan. Shekara da shekaru baƙi ne suke zuwa mana bakin rijiyar, Allah ya sāka musu. To, har yaushe? Nijeriya tana da harsuna sama da 500, mafi yawansu kuwa har yanzu ba su da Tsohon Alkawari. Kwalejin tauhidi ta Bukuru kusa da Jos, wadda ta fara aiki a 1959, da seminarin ECWA na Jos da aka buɗe a 1980, da waɗansu irinsu, suna koyar da Ibrananci da Helenanci don a sami 'ya'yan ƙasa masu iya wannan aiki. Ba daga sama za su faɗo ba. Daga ƙauyuka irin na wajen Barkiya za su fito.

Bari mu ɗan gaya muku abin da yaron nan yake fama da shi, don ku san inda geronku yake zuwa. Baƙaƙen Ibrananci 22 ne, ana rubuta su daga dama zuwa hagu. Wanda ya taɓa riƙe allo, ko ya iya ajami, wannan ba baƙon abu ba ne a gare shi. Da fari babu wasali sam, baƙaƙe ne zalla, mai karatu ne yake sa wasalin da bakinsa, kamar yadda gwanin Larabci yake karanta wasiƙa marar wasali. Daga baya waɗansu malaman Yahudawa, musamman na birnin Tibariya a bakin Tekun Galili, suka ɗauki ƙarnuka suna sa ɗige-ɗige a ƙasa da saman baƙaƙe don kada karatun ya ɓace. Har kalmomi suke ƙirgawa don kada mai kwafa ya tsallake ɗaya. Littafin da ɗalibai suke riƙe da shi a aji yau an ɗauko shi ne daga wani kwafi da aka rubuta da hannu a Alkahira wajen shekara ta 1008. Da aka gano tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a kogwannin Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, aka sami littafin Ishaya wanda ya girme wancan kwafi da shekara fiye da dubu, aka gwada su, sai aka tarar saƙon bai kauce ba. Wannan ma amsa ce ga mai tsoron ko an ɓoye masa wani abu.

A shekarar fari ɗalibi nahawu yake haddacewa, da kalmomi. Dukan kalmomin Tsohon Alkawari kimanin 8,000 ne, ba su da yawa in aka gwada da na kowace jarida, amma ku tambayi wanda ya kwana yana bitarsu. Mu ma da muke wannan magana mun faɗi jarrabawarmu ta fari, faɗuwa kuwa ba ta wasa ba. Mun shiga aji da girman kai, muna cewa mun riga mun yi shekaru muna wa'azi. Harafi bai san wa'azi ba. A shekara ta biyu ne ake fara karanta littattafai masu sauƙi, kamar Rut da Yunusa, sai a hankali a kai ga Zabura da annabawa, inda gumi yake.

Amma ga abin da ya faranta mana rai tun muna ɗalibai, wanda kuma muke so iyayen yaron nan su ji. Bahaushe ba baƙo ba ne a gidan Ibrananci. Masana harsuna sun nuna Hausa da Larabci da Ibrananci dangi ne na nesa, tushensu ɗaya. Mu muna cewa suna, su suna cewa shem. Mu mutu, su mut. Abin da suke kira lashon shi ne harshe, ko halshe kamar yadda muke faɗa a ƙasar Katsina. In ana maganar namiji aikatau yakan fara da y, in mace ce da t, kamar ya da ta namu. Suna da sigogin aikatau bakwai daga saiwa ɗaya, yadda mu ma daga saya muke samun sayo da sayar da saye da sayu. Akwai wata sigar ba da labari da take wahalar da Turawa ƙwarai, sun rubuta manyan littattafai a kanta. Ranar da malaminmu ya yi ta zufa yana bayani, sai wani ɗan ajinmu Bakatsine ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan bambancin sun tafi da suka tafi ne." Bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, amma ya fi littafin kusa.

Babban abin shi ne ka da ki da ku. Turancin yau kalma guda yake da ita ga namiji da mace da jama'a. Ibrananci yana rarrabewa, Hausa ma tana rarrabewa. A Waƙar Sulemanu, ta nan ake gane ko ango ne yake magana ko amarya. Mai juyawa daga Turanci dole ya yi ta lalube, ko ya jingina ga abin da wani ya gaya masa. Mai juyawa daga Ibrananci kai tsaye yana gani da idonsa. Akwai wuraren da Hausa take ɗaukar maganar annabi fiye da yadda Turanci yake iyawa, sai dai a sami Bahaushen da ya san duka biyun.

Yanzu mu zo ga abincin ranmu na yau, gama ba darasin nahawu ya tara mu ba. Akwai kalmar Ibrananci guda wadda kowane mai sauraronmu ya iya, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Amin. Baƙaƙe uku ne saiwarta, kuma daga irin wannan saiwa, ta hanyar Larabci, Hausa ta sami imani da amana da aminci da amini. Ma'anarta ta asali ita ce abin da ya kafu, wanda za ka jingina da shi bai goce ba. Ku ji inda take fitowa. A Fitowa 17, sa'ad da hannuwan Musa suka gaji, Haruna da Hur suka tallafe su har faɗuwar rana, kalmar da aka yi amfani da ita don a ce hannuwan sun tsaya daram ita ce emuna, ita ce kuwa annabi Habakuk ya yi amfani da ita a kan bangaskiyar da adali zai rayu da ita. A Ishaya 22 an yi maganar turken da aka kafa a wuri mai ƙarfi, saiwar nan ce dai. A ƙarshen littafin Rut, da Na'omi ta rungumi jaririn nan ta zama mai renonsa, sunan mai reno omenet ne, daga saiwar nan. Sa'ad da Ibrahim ya gaskata Ubangiji a Farawa 15, ita ce kuma.

Ku dubi jariri a goye. Uwar tana tafiya cikin rana, ga tulu a ka, ga ƙaya a hanya, shi kuwa ya saki jiki ya yi barci, har kansa yana lilo. Bai san inda za a ba. Ya sake nauyinsa duka ne a bayan wadda ba za ta yar da shi ba. Da yawa a cikinmu mun ɗauka bangaskiya ƙarfi ne da za mu matso daga cikin kanmu, in bai fito ba sai mu shiga zargin kai. Harshen annabawa yana nuna mana ƙarfin yana wurin abin da aka jingina da shi.

To, ku buɗe Ishaya sura 7. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Kristi, sarakuna biyu, Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila, suka haɗa kai za su auka wa Yahuza. Labari ya kai fada, zuciyar sarki Ahaz da ta talakawansa ta yi ta kaɗawa kamar itatuwa a cikin iska. Mu a wannan yanki ba sai an fassara mana irin wannan tsoro ba. Mutanen Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma sun san daren da ƙarar babur daga nesa take hana gari barci, sun san gonar da aka bari ba a nome ba. Ubangiji ya aiki Ishaya ya sami Ahaz a bakin magudanar ruwa, inda da alama ya je duba ruwan da birni zai sha in an kewaye shi. Ya ce masa ya natsu, sarakunan nan biyu guntayen itace ne masu hayaƙi, wutarsu ta kusa mutuwa. Sa'an nan a aya ta 9 ya rufe da kalmomi biyu masu amo ɗaya, ta'aminu da te'amenu, dukansu daga saiwar amin. Ta fari jingina ce, ta biyu tsayawa daram. Kamar dai Bahaushe ya ce, in kun ƙi amincewa, aminci zai ƙi ku. Ku lura kuma, a wannan aya ba ka ya ce ba, ku ya ce. Maganar ta wuce kan sarki shi kaɗai.

Ahaz ya jingina, amma ba ga Ubangiji ba. A 2 Sarakuna 16 mun ga ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya aika wa sarkin Assuriya don ya cece shi. An cece shi kuwa daga guntayen itace biyu, ya faɗa hannun gobara. Ba muna cewa kada a yi tsaro ba ne, Nehemiya ma ya sa masu gadi a kan garu. Muna tambaya ne, ina muka saki nauyinmu? Mun san gidajen masu bi inda tsoro ya sa aka koma ga laya da abin binnewa a ƙofar gida, ranar Lahadi kuma a zo a ce amin da ƙarfi. Wanda ya san abin da kalmar nan take nufi zai ji nauyin faɗinta. Wannan guzuri kuwa daga aji irin wanda ɗanku yake zaune ciki muka samo shi.

Sai batun Ibranancin zamani, wanda ya fi ɗaure wa Baba kai. Ƙarnuka da yawa harshen nan ya zauna a littafi da majami'a da wasiƙun malamai, ba uwar da take yi wa ɗanta magana da shi. Wani mutum mai suna Eliyeza Ben-Yehuda, wanda aka haifa a 1858 a ƙasar da ke ƙarƙashin Rasha, ya koma Urushalima a 1881, ya ƙudura ba za a yi wani harshe a gidansa ba sai Ibrananci. Mutane suka ɗauke shi mai taɓin hankali, waɗansu malamai ma suka ce yana ƙazantar da harshe mai tsarki. Shi da waɗansu suka ƙirƙiro kalmomin abubuwan da Musa bai sani ba, kamar milon, wato ƙamus, da iton, wato jarida. A 1922, shekarar da ya rasu, gwamnatin Ingila mai mulkin ƙasar ta amince da Ibrananci cikin harsunan hukuma tare da Larabci da Turanci. A 1925 aka buɗe Jami'ar Ibrananci ta Urushalima. Yau miliyoyin mutane da shi suke ciniki, da shi suke faɗa da 'ya'yansu.

Me zai amfani mai wa'azi? Abin da kowane Bahaushe ya sani ne, harshe a baki yake zama. Bayarben da ya yi shekara guda a kasuwar Dutsin-Ma ya fi wanda ya yi shekara biyar da littafin koyon Hausa jin magana. Shi ya sa tun tsakiyar shekarun 1990 ake kai masu juyin Littafi Mai Tsarki daga ƙasashe dabam-dabam, har da 'yan Nijeriya, su yi watanni a Urushalima suna koyon harshen da kunne da baki, suna kuma taka ƙasar da ƙafarsu, su ga kwarin da Dawuda ya tsinci duwatsu, su ga irin jejin da ya yi kiwo. Amma akwai tarko. Sabon ba daidai yake da tsohon ba. Kalmar hashmal a Ezekiyel sura 1 wani abu ne mai walƙiya kamar ƙarfe cikin wuta, yau kuwa ita ce wutar lantarki. Wanda ya karanta annabi da kunnen mutumin Tel Abib zai ce Ezekiyel ya ga lantarki. Don haka na zamani mataimaki ne kawai. A ganinmu, in kuɗi bai kai ga duka biyun ba, tsohon ya fi zama dole.

Muna da gargaɗi ga yaron nan, in yana jinmu, da mu kanmu masu hawa bagade. Ilimi kaɗan ya fi jahilci haɗari. Mun ji mai wa'azin da duk Lahadi sai ya ce, "Littafinku ya ce kaza, amma a Ibrananci ba haka yake ba." Bayan shekara guda jama'arsa suka daina buɗe Littafinsu a gida, gama ya koya musu kada su amince da shi. Wannan ɓarna ce. Wani kuma ya ga kalmar gurasa, lehem, da kalmar yaƙi, milhama, suna da baƙaƙe iri ɗaya, sai ya gina wa'azi guda a kai. Da wani baƙo zai ce garin Katsina da garin tuwo abu ɗaya ne, ai dariya za mu yi masa. Abin da ya ba mu ƙarfin halin haɗa kalmomin nan na Ishaya 7 shi ne annabin da kansa ya jera su gefe da gefe. Akwai kuma waɗanda suka je ziyara Isra'ila na kwana goma, suka komo da shalom a baki, har suna koya wa mutane cewa addu'a ba ta karɓuwa sai an kira sunan Yesu yadda Yahudawa suke kiransa. Shalom kalma ce mai kyau, 'yar'uwar salama ce da muke yi a ƙofar gida kowace rana. Amma wanda ya ji kukan Hajaratu Bamasariya a jeji ba ya bukatar tafinta. Mai ilimin gaske kamar gishiri yake a miya, ana jin daɗinsa ba a ganinsa.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu gane darajar irin wannan wahala. Tun zamanin Gobarau, Katsina take ciyar da ɗalibin da ya bar gida don nahawu da sarfu, ba a kuwa ce masa rago. Koyarwarmu a kan juyi dabam take da tasu, mun riga mun faɗi dalili. Amma himmarsu abar koyi ce.

Makonni uku da suka wuce muka koma wurin Baba, muka zauna da dattawa da shugabar zumuntar mata, muka faɗa musu abin da kuka ji yanzu. Ba kowa ya gamsu ba. Wani magidanci ya ce shi ya janye nasa mudun, gama gonarsa ta nesa ba ta nomu ba bana, yana da bakuna goma sha ɗaya a gida. Ba wanda ya ga laifinsa, kada kuma wani ya gani. Shugabar mata ta ce, "Fasto, mu dai mun goya shi tun yana ƙarami, ba ma sauke shi a tsakiyar hanya ba." Baba ya daɗe yana duban takardar nan, sa'an nan ya ce, "To, a bar shi ya gama tsohon. Batun zuwa Isra'ila, sai in Allah ya buɗe wata ƙofa, ba daga rumbunmu ba. Amma da sharaɗi. Kowane hutu ya zo gida, ya zauna nan gindin itacen nan ya buɗe nasa, mu buɗe namu, ya bi da mu aya aya. Da Hausa." Har yanzu ba su da makiyayi zaunanne. Wani mai bishara daga ikilisiyar da ke kusa ya yarda zai riƙa zuwa musu Lahadi biyu a wata, in hanya ta yi kyau. Muna roƙonku ku riƙa tunawa da su cikin addu'a, da shi mai bisharar a kan hanyarsa, da ɗalibin, wanda jarrabawa take gabansa.

Littafin da suka zaɓa su fara da shi a hutun Kirsimeti shi ne Rut. Mu ma a nan shi za mu ɗauka. Ku karanta sura ta 1 kafin mako mai zuwa, ku lura da sau nawa aka yi maganar komawa. Sai Allah ya kai mu. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.